Ƙunshi a Gindin Daron Tsamiya

Shekara ashirin da ɗaya ina dama kunun tsamiya a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki, duk watan azumi, ba a taɓa tofar mini da shi ba sai ranar sha bakwai ga watan bana.

Sunana Hajara, muna zaune a unguwar Ka'akiyya ni da maigidana Idris. Ba ni da shago, ba ni da allo mai ɗauke da sunana. Abin da nake da shi kawai shi ne mutane sun ce hannun Hajara tsaf yake, suna karɓa su kai baki ba tare da sun leƙa kofi ba.

Kullum da safe nakan jiƙa tsamiya a babban daro. Da la'asar in ɗebi ruwan sama da ludayi in tace, in bar dusar a ƙasa ta ƙara jiƙa. Ranar ma haka na yi. Na ga ruwan ya ɗan yi duhu, na ce ko tsamiyar ce ta tsufa. Mai azumi kuwa ba ya kurɓa ya ji, sai na dama abina na cika jarkoki.

Da aka kira magariba, Inna Maryama ce ta fara karɓa. Tsohuwa ce da ta zo ta Chadi tun tana budurwa, a wurina take buɗa-baki tun ranar da na fara. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta juya ta tofar a gindin bango.

"Hajara, me kika sa a kunun nan? Kamar na tsotsi makulli."

Na kurɓi nawa. Ƙarfe, da wani ɗaci mai warin ƙauri, ya kama mini harshe har maƙogwaro. Kafin in ce a dakata mutum ya kai goma sun sha. Na bi su ina karɓe kofuna, kunya kamar in nutse.

Ina isa gida na zura hannu cikin daron. A ƙarƙashin dusar na taɓo wani ƙunshi mai nauyi, an ɗaure shi a tsohuwar safa. Safar ƙafa, a cikin tsamiyata! Na kwance, sai ga kwanson harsasai sun zubo, sun fi ɗari, irin na ƙaramar bindiga waɗanda aka riga aka harba. Wajensu ya yi fes yana ƙyalli. Baƙin da ke cikinsu kuwa, na san inda ya tafi. Na yi bayan gida da gudu na amayar da dabinon da na ci.

Ban tsaya tambayar mai wannan aiki ba. Nu'uman ne, ƙanin Idris, wanda ya zo kwana uku ya shekara biyu a ɗakin baƙinmu. Sana'arsa goge butocin gahawa na tagulla, kuma da tsamiya yake goge su kamar yadda kakanninmu ke yi. Ni na saba ba shi ragowar dusa. Ashe ragowar ta daina isarsa.

Na zube kwanson a kan tabarmar da suke cin abinci shi da wansa.

Nu'uman bai ko ajiye cokali ba. "Yaya, ma fi mushkila, ba wata matsala. Na yi niyyar cirewa kafin azahar, barci ya kwashe ni."

"Na mene ne waɗannan?"

Sai ya gyara zama, har da fara'arsa, kamar wanda aka tambaya labarin aikin Hajji. Wai wani mai gona a bayan gari ne ya ba shi, za a sake cika su a harba a bikin ɗansa bayan Salla. Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara cike da kawunan harsashi, jajaye sumul. Ya ɗaga ɗaya yana juya shi a gaban fitila.

"Dubi, Yaya. Dalma ce a ciki, an lulluɓe ta da jan ƙarfe. Ba ta ɓata bakin bindiga. Aikin tsafta ne."

Tsafta! Mutumin da ya jefa safarsa a abincin masu azumi yana koya mini tsafta. A garin da ko tantabara ba a kora, shi yana zaune yana goge abin kisa kamar kayan ɗakin amarya. Raina ya ɓaci.

Idris ya juya ga ƙaninsa. "Kai, ka san abin da za a yi da igamarmu, takardar zamanmu a ƙasar nan, in aka ga wannan a gidan nan?"

"Ba wanda ya mutu fa," in ji Nu'uman. "Ɗan baƙi-baƙi ne kawai."

Na tsiyayo kunun daga jarka, na cika kofi na ajiye a gabansa.

"Bismilla, sha."

Ya dubi kofin, ya dube ni. "Yaya, na ƙoshi."

"Inna Maryama ta haura tamanin, ita ta sha."

Bai sha ba. Da gari ya waye Idris ya sa shi a gaba, da safarsa da gwangwaninsa, suka mayar wa mai gonar kayansa. Daga can Nu'uman bai dawo gidana ba, ban kuma tambayi inda ya sauka ba. Daron na jefar, da ludayin, da rariyar. Na sayi sababbi, na wanke tukunya sau bakwai, na dama kunu mai kyau irin wanda ban taɓa yi ba.

Da yamma na kafa jarkokina a inda na saba. Wasu suka gaishe ni suka wuce wurin mai sobo. Inna Maryama dai ta zo, Allah ya saka mata. Na gaya mata gaskiya duka, ban rage ba. Ta saurara, ta ce Allah ya kyauta, ta miƙo kofinta na cika.

Aka kira salla. Ta ci dabinonta, ta riƙe kofin a cinya. Idonta yana kan nawa kofin. Sai da na kai baki na haɗiye, ta ga maƙogwarona ya motsa, sannan ta ɗaga nata.