Gayyar Baibaya a Kurumidani

Shekara arba'in da ɗaya Fusae ta yi da aure a gidan Oizumi, kuma a cikinsu sau ɗaya tak ta ga an sauke jinkar gidan an sake baibaye ta. A wancan karon tana goye da 'yarta Chizuru. Mutum ɗari da sittin suka zo gayya, duk 'yan Kurumidani, babu wanda ba ta san sunan uwarsa ba. Yanzu Chizuru tana aiki a Nagoya da 'ya'yanta biyu, jinkar kuma ta sake tsufa. Gansakuka ta yi mata kore ta ɓangaren arewa, kuma da ƙanƙarar hunturun bana ta narke sai ruwa ya fara ɗiga a bene, inda surukar Fusae take kiwon tsutsar siliki a da.

Mijinta Kuniharu shi ne gwanin baibaya na ƙauyen, ya ba saba'in baya da kaɗan. Ran nan ya sa rigarsa ta fita, ya bi gida gida yana gayyatar mutane kamar yadda ubansa ya yi. Da azahar ya dawo, ya zauna bakin murhun da ke tsakiyar ɗaki, bai ko cire hula ba.

"Baban Chizuru, mutum nawa?" in ji Fusae.

"Goma sha tara."

"Da mu ko ban da mu?"

"Da ke, da ni, da Tatsuji mai ido ɗaya da rabi." Ya zungura itace a wuta. "Gidan Wada sun ce ranar ta faɗo a makon hutu, motocin 'yan yawon buɗe ido arba'in za su shigo, ba za su rufe shagon taliya ba. Ɗan Hasebe ya ce wa zai tsare masa filin ajiye motoci? Filin da muke yankan shuci fa, Fusae! Sauran gidajen kuwa na ƙwanƙwasa na ƙwanƙwasa, sai wani baƙo ya ɗauke ni hoto ina ƙwanƙwasawa."

Fusae ta zuba masa shayi. Tun da aka huda dutse aka kawo babbar hanya, ƙauyen yake cika da masu zuwa kallon tsofaffin gidaje tun ƙarfe tara na safe, ya watse da ƙarfe biyar. Tsakanin nan ba ta iya shanya kayan ciki a waje. Sau uku tana cin abinci wani ya zuge ƙofa ya leƙo, ya ga tsohuwa da kwanon shinkafa, ya yi murmushi ya kira matarsa ta zo ta gani. Da la'asar ta yi kuwa, sai garin ya yi tsit, domin rabin masu shagunan a birnin da ke gangare suke kwana. Makarantar ƙauyen an rufe ta shekara shida da suka wuce.

Kwana biyu bayan haka wata yarinya daga ofishin kula da tsofaffin gidaje ta zo da shawara. Ta ce a ba da sanarwa, 'yan sa kai za su zo daga birane, akwai masu marmarin taɓa shuci da hannunsu. Masu kallo kuma za a ja musu igiya su tsaya daga nesa.

"Gayya ce ko wasan kwaikwayo?" in ji Kuniharu. "Mutumin da bai san gaban igiya da bayanta ba, shi zan ɗora a kan gidan ubana?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Fusae ce ta amsa masa.

"Kai da bakinka kake cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To, ga hannaye an kawo maka, kana tambayar asalinsu. Ko so kake mu kwana da lema?"

Ya yi gunaguni har yarinyar ta gama shayinta, sannan ya yarda.

Chizuru ta iso ana saura kwana biyu. Uwa da 'ya suka shiga madafi, suka jiƙa shinkafa tiya tiya, suka yayyanka awara, suka fito da ganyen da Fusae ta jiƙa a gishiri tun kaka. Suna cikin aiki tari ya sarƙe Fusae, irin wanda yake kama ta duk lokacin da hayaƙin murhu ya yi yawa. Sai da ta dafa bango.

"Mama, kin gaya masa?"

"Ba yanzu ba."

"Tun watan jiya kike cewa ba yanzu ba. Likita ya ce ƙirjinki ba zai ɗauki wani hunturu a cikin hayaƙi ba. Na riga na kwashe kayan ɗakin yara, gadonki ma ya iso."

"Rage murya. Bari a gama masa rufinsa tukun. Ciki ba don shinkafa kaɗai aka yi shi ba."

Abin da yake damun Fusae shi ne, ba dole aka yi mata ba. Ita ta kira 'yarta ta ce a zo a ɗauke ta. Jinka ba ta daɗewa sai da hayaƙi, shi yake busar da ita ya kori ƙwari, saboda haka wuta ba ta mutuwa a gidan. Dokar tsofaffin gidaje ba ta yarda a sauya tagogin takarda ba, ba a yarda a taɓa fuskar gidan ba. Gwiwoyinta sun gaji da sanyin katako. Tana son gidan, amma ta fara mafarkin ɗaki mai ɗumi wanda ba kowa ke leƙo shi ba, kuma kunyar wannan mafarkin take ji kamar ta yi sata.

Ranar gayya gari ya waye garau. Mutum wajen ɗari biyu suka zo, da sababbin safofin hannu da takalman hawan dutse. Kuniharu ya tsaya kan tsani ya raba su: waɗannan su miƙa dammunan shuci hannu da hannu, waɗannan su kwashe tsohuwar jinkar da ake jefowa. Sauran 'yan garin ya warwatsa su a kan rufin, kowane da baƙi goma a ƙarƙashinsa. Kafin hantsi baƙin toka ya rufe fuskar kowa, ba ka bambance ɗan birni da ɗan ƙauye sai an zo ɗaurin igiya.

Nan ne aka sha wuya. Ana soka babbar basillar katako daga waje, na cikin bene ya karɓa ya zagaya da igiyar bayan azara ya mayar. Na waje sai ya yi kira, na ciki ya amsa. Baƙin ba su san kiran ba. Tsoho Tatsuji, abokin Kuniharu tun suna yara, yana ta ihu daga ƙololuwa.

"Kai mai jar hula! Ɗauri nake so, ba gaisuwa ba! Ja da ƙarfi, ba matarka ba ce da za ta yi fushi!"

Aka kwashe da dariya, har masu kallo na bayan igiya. Fusae tana kai dunƙulen shinkafa ta ga mijinta yana bin layi layi yana kwance abin da aka ɗaure, yana sake ɗaurewa. Mutum biyu kawai ta ga ya tsaya ya duba aikinsu ya wuce bai taɓa ba: wani saurayi mai suna Ryosuke da matarsa Kanae. Kafinta ne shi daga Osaka, ita kuma tana saƙa. Da aka zauna cin abinci Kanae ta zo ta taya Fusae wanke kwanuka ba tare da an roƙe ta ba, tana tambayar yadda ake jiƙa ganye.

Rana na shirin faɗawa bayan dutse aka aske gefen jinkar da manyan almakasai. Ta fito fes, ruwan zinariya, kaurinta ya kai tsawon hannu. Baƙi suka yi tafi, suka ɗauki hoto tare, suka hau motocinsu. A da, bayan gayya, kwana ake yi ana waƙa da giyar shinkafa. Wannan karon tsofaffi bakwai ne suka zauna, suka sha ƙoƙo bibbiyu, kowa ya ce bayansa na ciwo.

Washegari da safe Kuniharu ya tsaya a gona yana kallon rufin, hannuwansa a baya. Fusae ta je ta tsaya kusa da shi.

"Wannan zai kai shekara talatin," in ji shi. "Ko da rabinsa hannun 'yan koyo ne."

"Baban Chizuru, in kaka ta yi zan bi Chizuru Nagoya."

"Ki je mana. Ki yi musu sati biyu."

"Ba sati biyu ba."

Ya juyo ya dube ta. Ta gaya masa maganar likita, ta gaya masa maganar gadon barcin da aka tanada mata a can, ta kuma gaya masa cewa ita ta nema. Ta ce akwai wurinsa shi ma in zai zo.

"Kin sani tun kafin a hau rufin nan?"

"Na sani."

"Kika bar ni na tara mutum ɗari biyu su baibaye kango?"

"Da na faɗa maka, da ba ka yi ba. Da ruwa ya ci gidan."

"In na bi ki, wa zai hura wuta?" in ji shi. "A bene na tara zan zauna ina kallon jirgin ƙasa? Ke kin gaji da mu ne kawai, faɗi gaskiya."

"Na gaji," in ji Fusae. "Ba da kai ba. Amma na gaji."

Kwana tara bai yi mata magana ba sai ta dole. A rana ta goma ta tarar ya fito da tsohon murhun kananzir ya ajiye a ɗakinta, ya toshe ramukan ƙofar da tsumma don kada hayaƙi ya shiga. Ta gane roƙo ne. Ta gode masa, amma ba ta sauya magana ba.

Da ganyaye suka yi ja Chizuru ta zo da mota. Kuniharu ya ɗora akwatunan da kansa, ya ɗaure su da irin ɗaurin baibaya, ya ce wa 'yarsa ta bi a hankali a kwanar gada. Bai tsaya ganin tashinsu ba.

A Nagoya tarin Fusae ya lafa. Tana kai jikoki makaranta, tana barci ba safa. Amma ba ta san maƙwabcinta na ƙofa ba, kuma hannunta yakan rasa abin yi. Kullum da rana takan kira gida. A tsakiyar hunturu ta kira sau huɗu ba a ɗauka ba, sai ta kira Tatsuji. Ya je ya sami Kuniharu a bayan gida, ya zame yana kwashe ƙanƙara, ƙugunsa ya karye, ya yi awa biyu a kwance. Mutane sun fi ɗari a bakin hanya suna ɗaukar hoton gidan cikin farar ƙanƙara, babu wanda ya zagaya baya.

Wata biyu ya yi a asibitin birnin gangare, Fusae na jinyarsa. Ryosuke da Kanae suka ji labari suka zo duba shi. A nan suka faɗi abin da ke ransu: suna so su zauna a Kurumidani, in za a ba su gefe ɗaya na gidan. Za su hura wuta, za su kwashe ƙanƙara, shi kuma ya koya wa Ryosuke baibaya.

Sai dai ƙauyen na da tsohon alkawari, ba a sayar da gida, ba a ba baƙo haya. Da wannan alkawarin aka hana masu otal cinye garin, kuma duk Kurumidani babu wanda ya kai Kuniharu tsare shi. Shi ya hana gidan Wada ba wani ɗan kasuwa haya shekarun baya, har suka yi shekara ba sa gaisawa.

Da aka sallame shi, ya sa aka tura shi a keken marasa lafiya zuwa taron gari, Fusae na biye. Ya roƙi a sassauta. Uwargidan Wada ta miƙe.

"Da namu ne, cewa ka yi alkawari alkawari ne. Yau da abin ya zo kanka ya zama roba?"

"Gaskiyarki," in ji Kuniharu, kansa a ƙasa. "Na yi miki tsanani. Ki yafe ni."

Aka yi ta ja-in-ja. Wasu suka ce in an buɗe wa kafinta ƙofa, gobe mai otal zai shigo a rigar kafinta. Tatsuji ya ce su ƙirga kawunan da ke ɗakin, su nuna masa baƙin gashi guda uku. Ba a cimma matsaya ba, aka ɗage maganar sai bayan shukar shinkafa.

Kuniharu ba ya iya zama shi kaɗai, dole ya bi Fusae Nagoya. Tatsuji ya karɓi mabuɗi, ya ce zai riƙa leƙawa in ƙafarsa ta bar shi. Ryosuke da Kanae suka kama ɗaki a birnin gangare suna jiran hukunci, Kanae ta ce za su iya jira har damina, bayan nan sai su koma Osaka.

A hanya motarsu ta shiga ramin dutsen da aka huda. Can Kuniharu ya tambayi Fusae ko a unguwar Chizuru akwai inda tsoho zai zauna ya sha iska. Ta ce akwai wani ɗan fili da benci biyu, kusa da tashar bas.