Tabarmar Makoki a Kan Sikeli

Har yau in na tuna ranar awon nan sai raina ya ɓaci. Guguwa ta yaye mana rufin gida, ni da yara muna kwana a ƙarƙashin tamfol, sai ga aikin tsinkar lemu a Ostireliya ya faɗo wa mijina Lopeti. Gwajin lafiya kawai ya rage a Nuku'alofa, babban birnin ƙasarmu. Kamfanin ya ce za a haɗa nauyin mutum da tsayinsa a fitar da lamba, wanda tasa ta haura talatin da biyar ba shi ba tafiya.

Ana cikin haka mahaifinsa ya rasu. Gwaggonsa Seneti, wadda ko tari ba a yi a gabanta, ta naɗe shi da tabarmar makoki kamar yadda al'adarmu take, tun daga ƙirji har idon sawu, tsohuwar tabarma mai kauri, ta ɗaure tamau da igiya. Da ita ya tafi asibiti, ruwan sama ya jiƙa ta sharkaf a hanya.

Nas ɗin 'yar garinmu ce. Ta dubi tabarmar, ta sunkuyar da kai ta yi masa ta'aziyya, ta ce ya hau sikeli. Lamba ta fito talatin da biyar da ɗan ɗoriya.

Na ce, "Baiwar Allah, mutum kika auna ko shimfiɗa?"

Ta ce, "Yaya, da wane bakin zan ce wa mai makoki ya kwance?"

Na juya kan Lopeti. "Kai kuma ka tsaya kamar an dasa ka. Kwance ta mana, a sake."

"Gwaggo ce ta ɗaura," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Rufa mini asiri, mutane na kallo."

"To su zo su rufa mana ɗaki."

Bai kwance ba. Ƙaton mutum, duk ƙashi da tsoka, yana ji yana gani aka sa shi cikin masu teɓa. Nas na jin kunyarsa, shi yana jin kunyar gwaggonsa, ni ce mara kunya, tunda ni nake tara bokiti a kan gadon yara.

Kafin a tashi daga zaman makoki an ba wani gurbinsa, jirgi ya tafi. Lopeti ya daina ci, ya daina hira. Ranar da Gwaggo ta zo kwance tabarmar, ta shafa haƙarƙarinsa, ta harare ni a gaban dangi.

"Kalolaine, dubi yadda ɗana ya rame. Wai ke ba kya dafa masa abinci ne?"