Ankon Kaza da 'Ya'yanta

Duk wanda ya sake kawo mini maganar anko a Ibadan ɗin nan, wallahi sai mun ɓata. Na sa anko a biki, na sa a suna, na sa a makokin tsofaffin da ban ma san fuskarsu ba. Amma tun abin da ya sami Moromoke, ko mata biyu na hango da atamfa iri ɗaya sai raina ya ɓaci.

Sunana Sikira, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce ni. Wani farfesa mai suna Adegoroye ya samo kuɗin bincike kan iyaye mata masu shan ƙwaya, ya nemo ni saboda na san kasuwar Bodija ciki da bai. Shi yana ofis yana shan sanyi, ni ce ke zama da matan a bayan wani shagon niƙa ina sauraronsu. Kafin kowacce ta buɗe baki sai na rantse mata cewa ba suna, ba fuska, ba mai jin labarinta.

Moromoke 'yar dako ce. Daro take ɗorawa a ka, ta bi masu sayayya da doya da buhun barkono har rana ta faɗi. Bayanta ya lalace tun haihuwar 'yarta Tolani, sai wata abokiyar dako ta ba ta tiramol. Daga ɗaya ta koma uku, daga nan abin ya fi ƙarfinta. Mijinta ɗan acaɓa ne, tirela ta taka shi a hanyar Oyo, ya bar ta da yarinyar nan wadda kwanan nan ta fara firamare. Uwar mijin, Alhaja Wulemotu, tsohuwar mai sayar da atamfa a kasuwar Gbagi, ta daɗe tana zarginta. A taron dangi ta faɗa a gaban kowa cewa ranar da ta tabbatar surukarta na shan ƙwaya, jikarta ta koma gidan ubanta ke nan.

"Anti, in Alhaja ta ji, na mutu," in ji Moromoke ranar da ta fara ba ni labari.

Na ce, "Iya Tolani, ba dai daga wurinmu ba."

Kuma matar nan ta yi ƙoƙari. Na raka ta asibiti, na gan ta tana gumi tana karkarwa, haka nan take ɗaukar daro ba ko ƙwaya ɗaya a cikinta. Kafin damina ta yi nisa ta daina shan ƙwayar. In ciwon ya matsa mata sai ta ce, "Saboda Tolani," ta cije leɓe.

Ana haka Farfesa ya ce za a yi taron rufe bincike, masu ba da kuɗi za su zo. Na shiga ofishinsa na tarar da turamen atamfa jibge har saman tebur, koriya ce mai zanen kaza da 'ya'yanta.

Na rusuna na ce, "Oga, wannan fa na mene ne?"

"Ankon iyayenmu mata ne. Musamman na sa aka buga shi, ki zagaye Gbagi kaf ba za ki sami irinsa ba."

"Oga, alkawarin sirri muka yi musu."

"Madam Sikira, kin taɓa ganin taro ba anko? So kike baƙi su ce a titi muka tsinto su? Za a rufe fuskoki a hoto, suna kuma babu."

"Ai a garin nan zane ma suna ne."

Ya yi dariya ya ce ni dai da rigima aka haife ni. Mutumin da uwarsa ke gane dangin amarya daga na ango ta kalar ɗankwali, shi ne wai bai fahimci abin da nake faɗa ba. Washegari ya tura ɗalibansa suka raba wa matan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa duk mai abin da za ta rasa kada ta je, kada kuma ta ɗaura. Moromoke ta ce ta ji, kuma ba ta je ba, ba ta ɗaura ba.

Aka yi taro, aka ci dafa-duka, masu kalangu suka cashe. Aka fitar da bidiyo, fuskoki duk a lulluɓe kamar yadda Farfesa ya ce, a ƙasa an rubuta cewa ga iyaye mata da aka ceto daga ƙwaya. Kaza da 'ya'yanta kuwa ras a jikin kowacce. Bidiyon ya bi waya waya har lungunan gari. Moromoke da ƙaramar wayarta mai tocila ba ta san ma ya fito ba.

To, Babbar Sallah ta matso, Tolani ba ta da kayan sawa, ga yadi shida sabo dal a ƙarƙashin katifa. Wace uwa ce za ta jefar? Ta kai wa tela ya ɗinka wa yarinyar riga da ɗankwali. Da safen Sallah ta yi mata kitso, ta kai ta ƙofar gidan kakarta a Oje cin nama, kamar kowace shekara. Da yamma da ta koma ɗaukar ta aka hana ta shiga.

Washegari muka je tare. Muka tarar da Alhaja a tsakar gida ana suyar nama, muka durƙusa har ƙasa. Ba ta ce mu tashi ba. Ta miƙo mini waya, bidiyon yana juyawa, ta jawo wata baƙar leda ta zazzage rigar Tolani a gabanmu.

"Ke ce ta gwamnatin? To duba. Tun kafin a haife ki nake sayar da atamfa. Fuska kan ɓace mini, zane bai taɓa ɓace mini ba. Wannan ba a sayar da shi a kasuwa. Ina surukata ta samo shi?"

In na yi magana na karya rantsuwa, in na yi shiru ma amsa ce. Moromoke ta kama ƙafar Alhaja tana kuka.

"Mama, na daina. Wallahi na daina, ku tambayi Anti."

Alhaja ta janye ƙafarta ta ce, "Ashe dai kin sha."

Na yi magiya, na ce a je asibiti a gwada jininta, na kawo sunan Allah da na marigayi ɗanta. Ta ce ita ba ta tura jikarta yawon Sallah da tutar 'yan ƙwaya ba, uwarta ce ta tura ta. Tun da sassafe baffan Tolani ya tafi da ita garin Iseyin, a can za ta yi makaranta. Ta turo mana rigar da ƙafa.

Daga nan ofishin Farfesa na zarce, raina kamar garwashi. Ya saurare ni yana juya biro, ya ce abin ba daɗi, amma bincike bai saɓa ko ƙa'ida ɗaya ba, Moromoke ba ta ma cikin bidiyon. Wai zai iya ƙara sakin layi a rahoto kan ƙyamar da al'umma ke nuna wa irin waɗannan mata. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba, na ajiye masa katin aikin da ya ba ni na fito. An yaba wa rahoton sosai, na ji har an ƙara masa kuɗi.

Na yi ta zarya Oje har ƙafata ta gaji, Alhaja ko gaisuwata ta daina amsawa. Bayan sati biyu na hango Moromoke a bakin wani kemis a Bodija. Ta naɗe rigar Tolani ta yi gammo da ita a ƙarƙashin daro, hannunta na dama a dunƙule. Na riƙe hannun, na ce, "Iya Tolani, kada ki yi. Bayan duk wahalar da kika sha?"

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Anti, saboda wa zan daina yanzu?"

Wata mai doya ta ƙwala mata kira. Ta zare hannunta daga nawa, ta gyara gammon ta tafi.