Takardar Shanun Baffa

Gara in faɗi aibina tun da wuri: ni ban iya faɗa da baki ba. In raina ya ɓaci, harshena nauyi yake yi, sai in tsaya ina huci kamar wanda ya tura mota, wanda ya ɓata mini rai kuwa ya yi sallama ya tafi abinsa. Amma a ba ni takarda a gani. Shekara goma sha shida na yi a gindin wata darbejiya a Gaya da tafireta a gabana, ina buga wa mutane takardun ƙorafi, har zamani ya tashe mu na koma gona. Na rubuta fushin mutane da yawa, kuma ba yabon kai ba, na fi masu fushin iya shi.

A damunar bana aka zo kan nawa.

Ina da gonar gyaɗa a hanyar Ajingi, dab da ƙauyen su matata Bara'atu. Saura mako uku a cire gyaɗar, na je wata safiya na tarar an cinye mini kusurwar gabas ƙarƙaf. Abin da ba a ci ba an tattake. Ga kashin shanu ɗanye an bar mini, ko godiya ce oho. Barau, maƙwabcina a gona, ya ce da idonsa ya gan su: shanu huɗu, wata jar saniya mai karyayyen ƙaho ce ke ja musu gaba, kuma ya bi su da kallo har suka shige garken Baffa.

Baffa shi ne mahaifin Bara'atu. Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba, ko a nan. Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je, sai in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, lafiya lau, lafiya lau, in tashi. Akwai ma wata 'yar maraƙa da na saya na kai masa kiwo shekara tara da suka wuce, yadda mutanen gari kan yi, har yau ban iya buɗe baki na tambayi ko tana raye ba. Shi ma bai taɓa ce mini uffan ba. Wannan mutumin ne zan je in ce wa ya ɗaure shanunsa kafin su ƙarasa mini gyaɗa.

Na dawo gida a fusace. Na janyo tafireta daga ƙarƙashin gado, na tarar tsatsa ta riga ni. Bara'atu malamar firamare ce, kuma a wata bita an ba su ƙaramar kwamfutar nan ta hannu da ake kira tabilet, ta ajiye ta ba ta cika taɓawa ba.

Na ce, "Ba ni abin nan naki, wasiƙa zan rubuta."

Ta ce, "Wa za a rubuta wa?"

"Kin sani."

"Malam, maganar shanun nan fa, da ka tsaya ka ji..."

"Ba abin da zan ji! Kada ki shigar masa. Ubanki ne, na sani, amma gyaɗar nan ita ce miyarki har baɗi."

Ta dube ni. Ta ɗauko tabilet, ta buɗe mini farin shafi, ta nuna mini inda ake gogewa, inda ake kaurara haruffa, da yadda ake danne magana da yatsa a yanko ta a manna ta wani wuri. Ta ce ba sai na damu da ajiyewa ba, da kansa yake ajiye komai. Na ce to, ashe akwai abu ɗaya a gidan nan da ke yin aikinsa ba a ce masa ba.

A tafireta, in harafi ya sauka ya sauka ke nan. Dole mutum ya yi tunani kafin ya zagi wani, don in ya canza ra'ayi sai ya sake takarda. Wannan abin kuwa ba ruwansa. Ka zaga, ka goge, ka sake zagi wanda ya fi na farko kyau. Ranar farko ko gaisuwa ban sa ba. Na fara da, "Zuwa ga mai garken da ba a duba shi." Na ce shanun sun fi wasu mutane sanin hanyar gonata, tunda su sun zo. Sannan na rubuta wadda na fi so: "In tsufa ya hana mutum kiwo, sai ya ajiye sanda ya riƙe carbi." Na kaurara ta, na ƙara mata girma, na mai da ta ja. Na zauna ina kallonta kamar na haifi ɗa.

Washegari da na karanta, sai da na waiga ko akwai mai ganina. Na goge carbin. Na sa sallama, na tambayi lafiyar Baffa, da ta iyali, da ta ƙafarsa mai ciwo. Na tambayi ruwa. Kafin in ankara gaisuwa ta ci rabin shafi, har na iske kaina ina tambayar lafiyar shanun. Shanun da suka ci mini gyaɗa! Na yanko gaisuwar gaba ɗaya na jefa ta can ƙasa.

Rana ta uku shanun suka koma gonar. Barau ya kira ni a waya ya ce, "Baƙinka sun dawo, wannan karon ta kudu suka fara." Na hau babur na je, na tarar sun gama sun tafi. Na tsaya a tsakiyar gona ina zagin iska, Barau yana ba ni haƙuri yana danne dariya. Da na dawo gida carbi ya koma wurinsa, na ƙara masa layi a ƙasa.

Haka na yi kwana biyar. In goge da safe, in mayar bayan azahar. Yatsana mai kauri ne, in na nufi harafi ɗaya sai ya danna uku, in zagi tabilet ɗin shi ma. Duk wannan abin Bara'atu tana madafa da wayarta a hannu, tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai. Bayan la'asar kuma ta shige ɗaki ta yi ta doguwar waya. Na ce a raina, gidanka yana cin wuta, matarka tana kallon barkwanci.

Magana ɗaya ce ban taɓa taɓawa ba tun ranar farko, don ita ce ƙashin wasiƙar: "Mai shanun nan ya zo da kansa ya sari ƙaya ya shinge gonar da hannunsa, ba ɗan aike ba, ba ɗan ƙwadago ba." A rana ta biyar na goge carbi a karo na ƙarshe, na mayar da gaisuwa sama, na bar sharaɗin a tsakiya. Na kai wani shago a Gaya aka buga mini, na sa a ambulan.

Ranar kasuwar Ajingi na goya Bara'atu muka tafi. Shirina shi ne ta shiga ta miƙa, ni in jira a bakin hanya da babur a kunne. Sai ga Baffa zaune a kan tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gida, ba hanyar gudu. Na cire takalmi, na durƙusa, na kafa ido a ƙasa.

Ya karɓi ambulan, ya juya shi, ya miƙa wa 'yarsa. "Karanto mana."

Ta karanta tun daga sallama har sa hannu. Ni kuwa ina ƙirga tururuwa. Da ta gama, ya yi gyaran murya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baffa."

"To ina na carbin?"

Lissafin tururuwa ya ɓace mini.

Ya ce, "Kin tsallake. Akwai wurin da aka ce in ajiye sanda in riƙe carbi. Ai duk takardar ba inda ya kai nan daɗi. Har liman na faɗa wa."

Na manta da surukuta, na ɗago kai na dubi Bara'atu. "Ke! A ina ya ji?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Da imel ɗina aka buɗe shafin, Malam. Duk abin da ka danna a can yana fitowa a wayata. Wanda ka goge ma yana nan, ai na ce maka komai yake ajiyewa."

"Sai kika kwasa kika kawo?"

"Kullum bayan la'asar nake karanta masa."

"Wa ya aike ki?"

"Shekara ashirin da biyu nake kai saƙo tsakaninku, kowa sai ya ce in gyara kafin in faɗa. Wannan karon na kai ba gyara."

Ina da maganganu a lokacin, masu kyau ma, amma na riga na faɗa muku aibina. Na tsaya ina huci.

Baffa ya ce, "Malam Gwadabe, kwantar da hankalinka. Gaskiya ka faɗa, na tsufa. Ƙafar nan ba ta bin saniya kuma. Shi ya sa tun bara na haɗa shanuna da ɗana Kamilu suka yi kudu. Huɗun nan ne suka rage. Ba ni da ikon tura su ban tambayi mai su ba, mai su kuma in ya zo ba ya ɗago kai, balle a tambaye shi." Ya shafa gemu. "Ranar Talata ka tambayi lafiyarsu, na ji daɗi. Da yamma kuma aka ce ka janye."

Na mayar da ido ƙasa, ya ci gaba.

"Amma sharaɗinka na yarda da shi, ba zan canza ko harafi ba. Mai shanu ya sari ƙaya da hannunsa, ba ɗan aike, ba ɗan ƙwadago. Bara'atu, ɗauko gatarin nan."

Ta shiga gida, ta fito da gatari, ta durƙusa da ladabi yadda ba ta taɓa yi mini ba tun muna amarci, ta ajiye shi a gabana.

Jar saniyar mai karyayyen ƙaho ita ce maraƙar da na kai kiwo. Sauran ukun, 'ya'yanta biyu ne da jikanta.