Fiyanon da Ya Fito Daga Jakar Cefane

Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗaukar fiyanon Odell Pruitt, kuma ko sau ɗaya ban taɓa danna maɓallinsa ba. Ni jitar bas, mai kaurin murya, nake kaɗawa a ƙungiyarmu ta makaɗa, Alvin yana kan ganguna, Vernice Tolliver ce mai waƙa. Amma in ka tambayi mutanen garinmu Toledo wane ne Wendell Boykin, sai su ce maka, "Au, wancan da kullum yake ƙarƙashin fiyano?"

Fiyanon na lantarki ne, irin na da, tun 1974 Odell ya saye shi. Ya raɗa masa suna Geraldine, kuma bai yarda a ce "shi" ba, sai dai "ita". Nauyinta laba ɗari da talatin, ban da ƙafafu. Odell kuwa a hawa na uku yake zaune, gidan babu lif, matakala arba'in da huɗu da lanƙwasa biyu masu tsauri. Rabon aiki an yi shi bisa adalci tun farko: ni da Alvin mu ɗauki Geraldine, Odell ya riƙe ƙofa. Hannun mai fiyano, in ji shi, ba na dako ba ne.

Ba zan yi mata ƙazafi ba, Geraldine tana da murya. In aka taɓa ta a hankali sai ka ji kamar an kaɗa ƙararrawa a cikin ruwa, in aka buge ta da ƙarfi ta yi gurnani. Matsalar dai Odell bai san a hankali ba. Maɓalli saba'in da uku gare ta, shi kuma yana ganin duk wanda bai taɓa ba a cikin waƙa an ci masa mutunci. Haka Vernice ta shekara ashirin tana waƙa a bayan hayaniyarsa, kamar mai kiran ɗa a tsakiyar kasuwa.

Ranar wata Asabar cikin watan Maris, a matakala ta goma sha tara, na ji bayana ya ce ƙas. Na zauna a wurin, Geraldine a kan cinyata, hawaye na zuba. Odell ya sauko da gudu, fuskarsa cike da tashin hankali.

"Ta bugu?" ya ce.

Likita ya ce kada in ƙara ɗaga abin da ya fi galan ɗin madara nauyi. Da labarin ya kai kunnen Alvin sai ya tuna ashe shi ma kafaɗarsa ta daɗe tana damunsa, kawai bai so ya tayar mana da hankali ba ne.

Odell ya zo dubiya da lemo guda uku. Ya zauna bakin gadona, ya ɓare ɗaya ya shanye, ya girgiza kai.

"Sannu, mutumina. Jiki da jini. To amma likitan nan, har abada yake nufi, ko zuwa ranar Asabar ta sama?"

Asabar ta sama ita ce bikin cikar Mista Haskins da matarsa shekara hamsin da aure, a zauren ƙungiyar ma'aikatan mota. Mu muka yi musu kiɗa a na ashirin da biyar, kuma sun rantse ba za su ɗauki kowa ba sai mu.

Muka haɗu gwaji a falon Vernice. Ta shigo daga kicin da jakar cefane, ta fito da albasa, ta fito da garin masara, sannan ta fito da wani ɗan abu baƙi ta ajiye a kan tebur. Tsawonsa bai wuce burodi ɗaya da rabi ba. Maɓalli talatin da bakwai, ƙanana kamar haƙoran jariri, batir shida a cikinsa, da ɗan sifika a kowane gefe.

Odell ya leƙa shi daga nesa.

"Wa ya haihu ba a gaya mana ba?"

"Zauna ka ji," in ji Vernice. Ta murɗa wani abu, ta danna maɓalli uku tare.

Na rantse, muryar Geraldine ce ta fito. Ƙararrawar nan a cikin ruwa, har da ɗan rawar muryar da take yi a ƙarshe. Alvin ya waiga bayansa yana neman inda aka ɓoye ta. Odell ma na ga girarsa ta motsa, amma ya yi maza ya mayar da ita wurinta.

"Geraldine guduma ce da ƙarfe a cikinta," ya ce. "Wannan hoton murya ne. Ke kin taɓa ganin wanda ya ƙoshi da hoton kaza?"

"A'a. Amma na ga wanda kazar gaske ta kai shi asibiti," ta ce tana nuna ni.

"Ni Odell Pruitt, shekara sittin da biyar a kan fiyano, in zauna gaban jama'a da abin wasan yara a kan cinya? Sai dai a fasa bikin."

"To ka ɗauko ta da kanka. Ni zan riƙe maka ƙofa."

Kwana tara ya yi yana buga waya. Ya kira dattawan coci, ya kira maƙwabta, ya kira wani mijin 'yar ƙanwar matarsa da suka rabu tun zamanin da. Ikon Allah, a makon nan wata annobar ciwon baya ta sauka a Toledo, ba ta bar namiji ko ɗaya ba. Ranar Juma'a da hantsi ya ƙwanƙwasa ƙofar Vernice, bai gaishe ta ba, ya miƙa hannu.

"Ba ni burodin."

A zauren bikin ya riga kowa zuwa. Ya jawo dogon tebur, ya tara littattafan waƙoƙin coci a gefensa na gaba kamar mai gina katanga, ya lulluɓe su da farin mayafin tebur, ya ɓoye ɗan fiyanon a baya. In ka hango shi daga wurin zaman baƙi sai ka ce wani babban kaya ne a gabansa. Ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya zauna yana harare-harare.

Ƙarfe biyu na rana zaure ya cika. Ƙamshin soyayyen kifi da makaroni da cuku ya gauraye ko'ina. Alvin ya ƙirga huɗu, muka shiga waƙar farko.

Yatsun Odell kowanne kamar ayaba yake. Ya nufi maɓalli ɗaya, ya danna biyu. Ya nufi biyu, ya danna biyar. Da aka zo wurin da ya saba sheƙawa da hannun dama har ƙarshen Geraldine, sai fiyanon ya ƙare masa a rabin hanya, hannun ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, ya yi awon gaba da kofin shayin da ke bakin tebur. Wata tsohuwa a layin gaba ta ce, "Yesu!" Vernice ta juya wa jama'a baya kamar tana gyara waya, kafaɗunta na rawa.

Odell ya yi fushi irin wanda ban taɓa gani ba. Ya sunkuyo wajena ya ce, "Haka kuke so ko? To za ku gani. Abin da ya dace da abin wasa shi zan ba ku."

A waƙa ta biyu ya tafi yajin aiki. Ya sa yatsa uku kacal, ya danna, ya ɗauke hannu ya naɗe a ƙirji, ya bar sautin yana yawo shi kaɗai har ya mutu. Sannan ya sake danna uku. Nufinsa ya hukunta mu, kowa ya ga tsiraicin abin.

Sai ga muryar Vernice ta fito fili. Ni da nake tsaye kusa da ita shekara ashirin, ranar na san tana da wata 'yar shaƙewa mai daɗi a ƙasan murya. Ni ma na ji jitata da kunnena. Cokula suka daina ƙara. Mista Haskins ya jingine sandarsa a jikin kujera, ya miƙa wa matarsa hannu, suka fito tsakiya suna jan ƙafa a hankali, kanta a kan ƙirjinsa. Kafin waƙar ta ƙare tsofaffi wajen goma sha biyu sun bi su.

Odell ya ga hukuncin bai kama ba, sai ya ƙara tsanantawa. A waƙa ta uku ya rage zuwa yatsa biyu. Tafin da aka yi har masu soya kifi sai da suka leƙo.

Da muka tsaya hutu Mista Haskins ya zo yana share ido, ya kama hannun Odell da hannu biyu.

"Odell, ɗan'uwana, shekara nawa ina jin ka kana kaɗa waƙar nan? Sai yau na san ashe tana da kalmomi."

"Na gode," in ji Odell, kamar an ba shi maganin ɗaci.

"Wallahi ka girma. Da, in ka hau fiyano, kamar an zubo kwanuka daga bene. Me ya same ka? Hawan jini?"

Yana cikin neman amsa Misis Haskins ta iso da faranti cike da kifi da burodin masara. Ta nemi inda za ta ajiye, ta ga mayafi ya yi tudu, ta yaye shi. Littattafai suka zube. Ɗan fiyanon ya bayyana yana ƙyafta jar fitilarsa.

Ta dube shi, ta dubi Odell.

"Ina akwatin gawar nan naka?"

"Tana gida, ba ta jin daɗi."

"Allah Ya ƙara mata hutu," ta ce. "Wancan karon sai da kuka kankare min fentin ƙofa kafin ku shigar da ita. Ci kifi."

Bai ci ba. Ya kaɗa sauran waƙoƙin da yatsunsa uku, fuska a murtuke, jama'a na ta sa masa albarka. Da aka tashi ya cusa ɗan fiyanon cikin kwat, ya fita ta ƙofar baya. Vernice ta bi shi da kira, "Kai, kayana fa?"

"Batirinsa na da matsala. Zan duba miki."

Mako uku yana duba batir.

Ranar wata Talata da safe ya kira ni. Babu sallama, babu tambayar yaya bayana.

"Motarka na tashi? Detroit za ka kai ni."

A hanya ya gaya min, yana kallon taga. Yayarsa Earline tana wani gidan kula da tsofaffi a can, shekararta tamanin da huɗu. Ita ta koya masa fiyano tun yana ɗan shekara shida, da rula a hannu. Shekara tara ke nan ba ta sauka daga gado ba, shekara tara ba ta ji shi ya kaɗa komai ba. Yakan je mata da lemo ne kawai.

Mun same ta a jingine da matashi uku, 'yar ƙarama, gashi fari fat, ido kuwa kamar na shaho. Odell ya jawo teburin da ake ɗora mata abinci, ya zaro ɗan fiyanon daga jaka ya ajiye.

"Mene ne wannan?" ta ce. "Rediyo?"

"Fiyano ne, Yaya."

"Yunwa ta kama shi ke nan."

Ya kaɗa mata wata tsohuwar waƙar coci da suka taso da ita. A hankali, ba fushi wannan karon. Ta rufe ido. Wata nas da ke tura keken magani ta tsaya a bakin ƙofa, ta manta da inda za ta. Ni kuwa na juya ina karanta takardar dokokin gobara da ke manne a bango, don akwai abin da ya faɗa min a ido.

Ya gama, ya ɗauke hannu. Earline ta buɗe ido.

"Hannun hagunka har yanzu gaggawa yake, kamar mai bin bas. Shekara sittin da biyar ina gaya maka. Matso min da shi."

Ya tura mata teburin. Yatsunta duk sun lanƙwashe, amma sirara ne, maɓallan suka zauna mata daidai kamar an auna. Ta kaɗa layi ɗaya, ta yi kuskure, ta yi tsaki, ta sake. A karo na uku ya fita tsaf.

"Ka ji? Haka ake yi, sakarai."

"Na ji, Yaya."

Har aka kawo abincin rana ba ta ɗaga hannu daga kansa ba. Nas ta ce a ɗauke don a ajiye faranti, Earline ta ce a ajiye farantin a kan cinyar Odell. Da lokacin tafiya ya yi, ya miƙa hannu zai ɗauka, ta buge masa yatsu.

"Bar shi nan."

"Yaya, ba nawa ba ne. Na Vernice ne."

"To ka ce mata na gode."

Mun kusa shiga Toledo sai ya juyo wajena.

"Wannan shagon kayan kiɗa na kan titin Monroe, yana nan?"

"Yana nan."

"Tsaya can. Hakkin Vernice ne, dole a mayar mata."

Na tsaya a ƙofar shagon. Odell ya zame ƙasa a kujera, ya jawo hularsa har kan hanci.

"Kai za ka shiga. Sun san ni a nan."

Na buɗe ƙofa ina dafe da baya. Na sa ƙafa ɗaya a waje ke nan ya kamo hannun rigata.

"Biyu za ka karɓo," ya ce. "Kuma ka tambaye su ko akwai ja."