Hannun Hagun Jibo

A shekarun da Jibo ɗan garin Rogo Ruma yake buga tanis, yawancin mutanen garinsu ba su taɓa ganin filin wasan ba. A makarantar kwana ya koya, a Kano ya yi suna, ya ɗauki kofi sau biyu a jere. Yayarsa Zaituna, wadda take aure a Karaye tana sana'ar ƙuli-ƙuli, a rediyo kawai take jin sunansa.

Da daminar 1989 ya taho ganin gida. Bas ɗin da ya shiga daga Karaye zuwa Rogo ta zame a laka, ta kife cikin kwazazzabo. Jibo ya fito ko ƙwarzane babu, amma ya koma yana jawo mutane ta taga. Yana cikin ciro wata tsohuwa sai motar ta ƙara jirkicewa, ta danne masa hannun dama. Tsohuwar ta rayu. Shi kuwa yatsu uku aka yanke masa a asibiti.

A gidan Zaituna ya yi jinya. 'Yan dubiya suna ta zuwa, kowa jarumi yake ce masa, shi kuma sai ya juya fuska bango.

"Yaya, ki daina barin su suna shigowa," ya ce mata wata rana. "Wane jarumi ne ba ya iya ɗaure tazugen wandonsa?"

"Haba Jibo, ka gode wa Allah. Ai rai ya fi yatsa."

"Na gode masa. Amma wallahi wani lokaci sai in ji da ma ban koma cikin motar nan ba."

Maganar nan ta tsaya wa Zaituna a rai. Ko mijinta ba ta faɗa wa ba.

Bayan girbi, tana suyar gyaɗa, ta ji ana dukan katangar bayan gida. Da ta leƙa sai ga Jibo riƙe da raket, abin buga tanis, a hannun hagu. In ya buga ƙwallo, sai ta faɗa gidan maƙwabta ko cikin awaki. Masu wucewa suka fara cewa ya taɓu. Ta roƙe shi ya koma Rogo ya kama noma, ya ƙi. Ya rame, tafin hannunsa duk ya kumbura, kullum ita ce mai gasa masa da ruwan zafi tana faɗa.

Da shekara ta zagayo ya ce zai koma gasa a Kano. Zaituna ta bi shi, don hankalinta bai kwanta ba. Aka haɗa shi da wani Sulle, wanda a da ko kusa da shi ba ya zuwa. Sulle ya dinga aika masa ƙwallo ta inda hagun ba ta kaiwa. Jibo ya faɗi har gwiwarsa ta fashe. Alƙalin wasa ya tambaye shi ko a tsaya, ya girgiza kai. Zaituna ta rufe fuska da mayafi, ba ta buɗe ba sai da ta ji tafi. An cinye shi, amma 'yan kallo duk sun miƙe tsaye.

Bai sake ɗaukar kofi ba, kodayake ya ƙara shekara huɗu yana bugawa. A motar komawa ran nan, Zaituna ta so ta ce masa ya haƙura haka nan. Tana juyowa ta ga barci ya kwashe shi, jini ya bushe a wandonsa. Ta bar shi ya yi barcinsa har suka isa Karaye.