Ranar da Mai Ɗinki Ba Ta Yi Shara Ba

Duk layin an san Mai Ɗinki da abu biyu, kekenta da tsintsiyarta. Ɗinkin ana iya gardama a kansa, amma sharar babu mai ja. Mace ce da in zare ɗaya ya faɗi ƙasa sai ta tsayar da keke ta tsince shi kafin ta ci gaba. 'Ya'yanta sun taso da sanin cewa abin da ka ajiye a ƙasa minti ɗaya ka yi ban kwana da shi.

Sai ga shi Allah ya ba wannan mata 'yar da aikinta ke nan hana mutane shara. Auta, ƙaramar 'yarta, tana aiki a ɗakin binciken kimiyya na 'yan sanda, inda ake kai abubuwan da aka tsinto a wurin da aka yi laifi.

"Wato shekara biyar kika yi a jami'a don ki koyi tsintar gashi da hantsaki," in ji Mai Ɗinki wata rana suna shan shayi. "Da kin ce min, da na koya miki a sati ɗaya."

"Ke tsinta kike ki zubar, Umma. Mu tsinta muke mu adana. Duk wanda ya shiga wuri sai ya bar wani abu nasa, gashi ne, gumi ne, sawun takalmi ne. Ɗan abin da muka ɗauko don gwaji shi ne samfur. In ya nuna mana wani abu, ya zama hujja. In wani ya riga mu taɓa shi, mu ce an gurɓata wurin."

"Ni dai ban taɓa gurɓata wuri ba a rayuwata."

Auta ta yi dariya har sai da ta ajiye kofi. "Umma, a wurin aikinmu ke ce babbar mai gurɓatawa. Ɓarawo ya kan bar mana wani abu. Ke ba kya barin komai."

Mai Ɗinki ta harare ta, amma kalmomin sun zauna mata. Tun tana faɗinsu don tsokana har bakinta ya saba. In sukari ya ƙare da wuri sai ta ce za ta sa a ɗauki zanen yatsu a jikin gwangwani. In mai kaya ta rantse cewa ba haka ta ce a yi mata hannun riga ba, sai ta jawo littafin awo ta ce ga hujja. A gaban Auta ba ta taɓa yabon aikin ba, amma babu mai kawo ɗinki da bai ji labarinsa ba.

Mutum na uku a wannan labari shi ne ƙaninta, Dogo, mai yi mata guga a shago. A ƙuruciyarsa ya bi abokan banza, har ya taɓa fita da rediyon mahaifinsu bai dawo da shi ba. Yanzu shekara ashirin ke nan da ya natsu, furfura ta fara fito masa, amma dangi ba su manta ba. In ya shiga ɗaki sai ka ga an ja jaka kusa da jiki. Yayarsa kaɗai ce ta ɗauki mukullin shagonta na biyu ta danƙa masa, kuma Dogo ya rataya shi a wuya, ko wanka ba ya cire shi.

Ranar wata Talata da safe Mai Ɗinki ta buɗe shago ta tsaya cik a bakin ƙofa. An fasa tagar baya. Teburan kekuna biyu suna nan, amma kawunan kekunan babu. Kantar da take jera yadukan mutane ta zama wayam. Ƙasa kuwa duk fasasshen gilashi ne da zaren da aka watsar.

Hannunta ya kai ga tsintsiya a bayan ƙofa tun kafin ta yi tunani. A lokacin ne ta hango ta. Can ƙarƙashin tagar, cikin gilashin, ga hular Dogo, shuɗiyar nan da ita da kanta ta ɗinka masa.

Taku huɗu ne tsakaninta da hular. Tana iya ɗaukar ta, ta cusa a jaka, ta share wurin, shi ke nan. Son ɗaukar da take yi kuwa, ba don ta tabbata Dogo ba shi da hannu ba ne. Wannan shi ne abin da ya fi ci mata rai: a wannan minti ita ma ta ja jakarta kusa da jiki.

"Subhanallahi," in ji wata murya a bayanta. Matar mai kantin magani ce, maƙwabciyarta, tana leƙe ta saman kafaɗarta. Idonta ya sauka kan hular, ya ɗan daɗe a can, sannan ta kawar da kai. "Bari in kira su mu taya ki gyarawa."

Haka mutanen layin suke, Allah ya saka musu. In abu ya sami ɗaya, kowa zai fito da abin hannunsa. Kafin a jima ga mai wanki da bokiti, ga matar mai aski da tsumma, ga kafinta da guduma zai cire sauran gilashin ya buga katako. Sai suka tarar da abin da ba su taɓa gani ba. Mai Ɗinki ta gitta tsintsiyarta a ƙofa ta riƙe da hannu biyu.

"Babu mai shiga," ta ce. "Za ku gurɓata wurin."

"Gurɓatawa kuma? Sharewa muka zo yi, Yaya."

"Ita nake nufi."

Awa guda ta yi a tsaye a haka, ta juya wa ƙazantar baya don kada zuciyarta ta karaya. Tana jin raɗa na yawo a bayan taron, tana jin sunan Dogo a ciki. Wai mai mukulli ne ya fasa taga don ya ɓad da sawu.

Auta, da uwar ta kira a waya, ta iso tare da motar aikinsu, amma da aka zagaye ƙofar da igiyar killacewa sai ta tsaya daga waje.

"Ba za ki shiga ba?"

"Ba zan taɓa komai ba, Umma. Shagonki ne, Dogo kuma kawuna ne. In hannuna ya shiga, ko gaskiya ta fito za a ce ni na gyara ta."

Mai Ɗinki ta ji haushi ƙwarai. Ranar da take buƙatar 'yar tata a karon farko, ranar ce 'yar ta naɗe hannu. Ta koma kallon shugabar Auta, wata gajeriyar mata mai gilashin ido, wadda ta sa safar hannu ta kuma rufe takalmanta da leda kafin ta taka ciki.

Ɗakin da Mai Ɗinki ke sharewa a minti biyar, awa uku matar nan ta yi a cikinsa. Ba ta ɗaga ko allura ba sai da ta ɗauki hotonta a inda take. Ta durƙusa gaban hular, ta ajiye ɗan ma'auni a gefenta, ta ɗauka daga sama, ta ɗauka daga gefe, ta haska fitila a karkace ta sake ɗauka. Ta shafa baƙar hoda a jikin taga da burushi mai laushi, zanen yatsu suka fito ɓaro-ɓaro. Ta goge wani ɗigo mai duhu a bakin gilashi da auduga. Kowane abu da ambulan ɗinsa, a liƙe, a rubuta lokaci, a sa hannu, wanda ya karɓa shi ma ya sa hannu. Mai Ɗinki ta san aikin mai tsabtar hannu in ta gan shi, kuma haushin nata ya fara sauka ba da son ranta ba. Har ita aka ɗauki zanen yatsunta, don a ware nata daga na baƙo.

Ana cikin haka Dogo ya iso. Ya ratsa taron, ya leƙa, ya ga hular a hannun shugabar tana shiga ambulan. Ya juyo ya dubi yayarsa.

"Ke kika fara shigowa, Yaya?"

"Ni ce."

"Kika gan ta, kika bar ta a nan."

Bai ɗaga murya ba. Ya ciro mukullin daga wuyansa ya ajiye a kan dakalin ƙofa, ya bi 'yan sanda don ya ba da bayani. Ya ce musu hular a ƙusa yake rataye ta in zai yi guga, jiya ya manta da ita. Suka rubuta suka sallame shi, amma shagon bai sake takowa ba.

Kwana goma sha ɗaya Mai Ɗinki tana guga da kanta, tana ƙona yatsu. Dangi suka yi ta zuwa jaje, kowa da irin kallonsa na ai mun faɗa miki. In ta tambayi Auta, sai ta ce, "Ban sani ba, Umma, kuma ba zan tambaya ba."

A rana ta goma sha biyu aka kira su ofis, ita da Dogo. Suka zauna a benci ɗaya, tsakaninsu wurin mutum guda. Shugabar ta shimfiɗa hoto a tebur ta nuna da bakin biro.

"Ku duba. Gilashin a kan hular yake, ƙarƙashinta babu ko ƙwaya. Wato hular ta faɗo daga ƙusa tun kafin a fasa tagar. Ga kuma sawun takalmi a kanta, wanda ya diro ta tagar ne ya taka ta, kuma ƙafarsa ba ta kai ta Malam Dogo ba. Jinin da ke bakin gilashi mun yi masa gwajin ƙwayoyin halitta, ba na Malam ba ne. Zanen yatsun ya dace da na wani da aka kama a wani shagon." Ta cire gilashin idonta ta dubi Mai Ɗinki. "Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, ba kasafai nake samun wuri kamar naki ba. Da an ɗaga hular nan ko sau ɗaya, da gilashin ya zube, da sawun ya tafi. Wa ya koya miki?"

"'Yata ce," in ji Mai Ɗinki. "Wadda ta tsaya a waje."

A bakin ofishin ta buɗe jaka ta ciro mukullin ta miƙa wa ƙaninta. Bai karɓa ba.

"Yaya, ki faɗa min gaskiya. Da kika ga hular, me kika zata?"

Tana iya yi masa ƙarya, kuma da ya yarda, don yana so ya yarda.

"Na zata kai ne," ta ce. "Na kuma so in ɓoye ta. Da na ɓoye, da ka zo ka yi gugarka, mu ci abinci kwano ɗaya, kana ce min Yaya, ni kuwa ina zatonka har in mutu. Ka yafe min, Dogo."

Dogo ya matso kusa da ita. Sannan ya sunkuyar da kai a gabanta, kamar yadda yake yi tun yana yaro in za ta sa masa riga, ita kuwa ta rataya masa mukullin a wuya.